Turancin Samaru Da Na Sabon Gari: Ƙananan Kalmomi Masu Ka Da Manyan 'Yan Boko

A cikin dukkan darussan da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan, da wuya a sami wanda ya kai Turanci tsare wa yaro hanya. Ɗalibi yana iya cin lissafi da kimiyya da tarihi, amma muddin bai sami kyakkyawan sakamako a Turanci ba cikin jarrabawar fita sakandare, to ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba. Haka kuma ma'aikacin gwamnati, tun daga ƙaramin akawu har zuwa Babban Sakatare, da Turanci yake karɓar umurni, da shi yake bayarwa, da shi kuma ake auna shi ranar da aka zo maganar ƙarin girma.

Wannan kowa ya san shi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, manyan kalmomin nan masu gaɓa huɗu ko biyar ba su cika ka da mai koyo ba, domin da ya buɗe ƙamus sai ya warware su nan take. Waɗanda suka fi ka da shi su ne 'yan ƙananan da ya koya tun yana firamare, irin su "put" da "take" da "get" da "up" da "off", waɗanda idan suka haɗu biyu-biyu sai su haifi wata ma'ana dabam wadda babu ita a jikin ko ɗaya daga cikinsu. Babu kuwa inda ya fi dacewa a duba wannan al'amari kamar Zariya, musamman tsakanin Sabon Gari da Samaru, domin a kan wannan hanya guda ɗaya mutum yana iya jin Turanci iri uku kafin rana ta take.

Turanci Iri Uku A Kan Hanya Ɗaya

Sabon Garin Zariya layin dogo ne ya haife shi. Sa'ad da layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano cikin 1911, sai ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa suka yi ta tahowa daga Kudu da sauran wurare, Yarbawa da Ibo da Nufawa da wasunsu, aka ba su wuri a bayan ganuwa kusa da tasha. Kamfanonin Turawa ma suka kafa kantunansu a wajen, har yau ga unguwar da ake kira PZ tana ɗauke da sunan kamfanin Paterson Zochonis. Mutanen da suka taru a nan harsunansu dabam-dabam ne, saboda haka sai suka dogara ga abu biyu don su fahimci juna, watau Hausa da kuma Turancin kasuwa wanda ake kira Buroka.

Samaru kuwa, wadda ke arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato, da binciken aikin gona ta fara suna, domin tun 1922 aka kafa tashar gwaje-gwajen noma a wurin. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Dokta Norman Alexander ne shugabanta na farko, kana Dokta Ishaya Audu ya gaje shi cikin 1966. Turancin da ya zauna a nan shi ne na littafi da na lacca, wanda ake rubuta jarrabawa da shi.

Na ukun shi ne Turancin ofis da na bariki. Zariya gari ne na horar da ma'aikata: ga Defo inda ake horar da sababbin sojoji tun 1924, ga Makarantar Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa cikin 1964 a wajen Palladan, ga kuma Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo, wadda ta yaye ɗimbin ma'aikatan gwamnati da na En'e a Arewa. Ɗalibin da ya shiga mota a Sabon Gari da safe, ya bi ta Kwangila ya sauka a ƙofar jami'a, ya ratsa waɗannan ire-ire duka, kuma kowane ɗaya yana da yadda yake sarrafa ƙananan kalmomin nan.

Fi'ili Mai Ɗan Rakiya

Abin da Turawa ke kira "phrasal verb" shi ne fi'ili, watau aikatau, wanda ke tafe da wata 'yar kalma tana yi masa rakiya, su biyun su tashi da ma'ana ɗaya. Sunan bai daɗe sosai ba, don cikin 1925 ya fara fitowa a littafin wani marubuci mai suna Logan Pearsall Smith, amma matsalar ta girme shi nesa. Tun 1755 Samuel Johnson, wanda ya tsara shahararren ƙamusun nan na Ingilishi, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi shi ne ya fi ba baƙi wahala a harshensu.

Ana iya kasa su gida uku. Gida na farko ma'anarsu a fili take, kamar "come in" da "sit down" da "stand up", waɗanda yaro ke ji tun ranar da aka kai shi makaranta. Gida na biyu su ne waɗanda ɗan rakiyar ke nuna cewa an yi aikin har ƙarshe, kamar "eat up" da "use up". Gida na uku kuwa, nan ne gizo ke saƙa, domin ma'anar ta yi ƙaura gaba ɗaya. "Give" bayarwa ne, "up" kuma sama, amma "give up" saduda ne ko barin wani hali. "Take after" ba ɗauka ba ne, gadon kama ne ko na hali, kamar a ce yaro ya biyo ubansa.

Daɗin daɗawa, haɗi ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana biyar ko fiye. A ɗauki "put up" alal misali. Idan an yi shi ga baƙo, an sauke shi a gida ke nan. Ga gini, an gina shi. Ga farashi, an ƙara shi. A ofis kuwa, idan shugaba ya rubuta wa akawu "put up a reply", yana nufin ya rubuto daftarin amsa ya kawo a duba. Da an ƙara masa "with" kuma sai ya koma haƙuri da juriya. Haka "take off": a filin jirgin Palladan tashin jirgi ne, a ɗaki tuɓe riga ne, a kasuwa bunƙasar sana'a ce. "Pass out" a Defo bikin yaye sojoji ne, haka ma ga masu yi wa ƙasa hidima, amma a asibiti suma ce, kuma da an sauya ɗan rakiyar aka ce "pass away", to sai dai a yi ta'aziyya.

Dalilin Da Ya Sa Ake Gudunsu

Harshen Ingilishi hawa biyu gare shi. Akwai hawan ƙasa, wanda ya ƙunshi tsofaffin kalmomin mutanen Ingila na asali, gajeru masu gaɓa ɗaya. Akwai kuma hawan sama, wanda ya ƙunshi kalmomin da aka aro daga Faransanci da Latin, galibi bayan da Normawa suka taso daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi cikin 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har kusan shekara 300. Shi ya sa abu ɗaya yakan sami suna biyu: "put off" da "postpone", "find out" da "discover", "put out" da "extinguish". Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma yana da "mutuwa" da "wafati", yana da "sani" da "ilimi", na farko na gida, na biyu na aro daga Larabci.

To, shi mai koyo sai ya ga kalmar hawan sama ta fi masa sauƙi, don ma'anarta ɗaya ce tak, kuma tana da kwarjini a kunnen jama'a. Wannan hali ba na 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Cikin 1985 wasu masana biyu, Dagut da Laufer, suka gwada ɗalibai masu jin Ibrananci da ke koyon Turanci, suka tarar cewa sukan kauce wa fi'ili mai ɗan rakiya su zaɓi kalma guda, kuma kaucewar ta fi yawa ga waɗanda ma'anarsu ta yi ƙaura. A nan ƙasar kuwa sai abin ya haɗu da sha'awar dogon Turanci, inda ake ganin wanda ya fi zuba manyan kalmomi shi ya fi ilimi.

Illar wannan guje-guje ita ce, mutum yana iya zaɓen kalmar da zai faɗa, amma ba shi da ikon zaɓen wadda za a faɗa masa. Jarida da rediyo da littafin karatu da takardar jarrabawa da wasiƙar da ta zo daga hedkwata, duk cike suke da ƙananan nan. Wanda ya guje su a bakinsa zai gamu da su a kunnensa, ya zama yana jin kowace kalma amma bai fahimci maganar ba. Ƙaramin sani kuwa, in ji masu iya magana, ƙuƙumi ne.

A Kan Teburin Ma'aikaci

Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin nauyin wannan magana, domin rayuwar fayil kanta a kan irin waɗannan kalmomi take tafiya. Idan shugaba ya rubuta B.U. a gefen takarda, watau "bring up", yana nufin a sake kawo masa fayil ɗin a ranar da ya ambata. Idan ya rubuta K.I.V., watau "keep in view", a jingine batun ke nan amma a sa masa ido. Idan kuwa ya rubuta P.A., watau "put away", to an gama da shi, a mayar ma'ajiya. A ce takardar fansho ce ta wani tsoho da ya yi shekara 35 yana bauta wa ƙasa, sabon akawu ya kasa rarrabe na farko da na uku, to wannan tsoho zai yi ta zirga-zirga wata da watanni alhali ba wanda ya yi nufin cutarsa.

Haka nan "hand over" da "take over" ga masu miƙa aiki da masu karɓa, "turn down" ga roƙon da aka ƙi, "write off" ga bashi ko kayan da aka yafe aka share daga littafi, "lay off" ga ma'aikatan da aka sallama don aiki ya ragu, da "look into" ga kwamitin da aka ɗora wa bincike. Fi'ilin "look" shi kaɗai ya isa darasi: "look after" kulawa, "look up" dubawa a ƙamus, "look down on" raini, "look forward to" ɗoki.

Har a siyasar ƙasa ɗan rakiya ya taɓa tayar da ƙura. Cikin watan Agusta 1993, bayan rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Ibrahim Babangida ya bayyana cewa zai yi "step aside", kana ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan. Masu lura suka ce bai ce "step down" ba. Na biyun sauka ne, na farkon kuwa matsawa gefe ne, kuma wanda ya matsa gefe yana iya komowa. An daɗe ana muhawara a kan wannan 'yar kalma guda. Ɗaliban Samaru ma suna da nasu darasin: yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara ran 14 ga Fabrairu 2022 ya kai har 14 ga Oktoba, kuma sanarwar da ta kawo ƙarshensa "suspend" ta ce, watau dakatarwa, ba ta ce "call off" ba, wanda shi ne janyewa ɗungum.

Mabuɗin Yana Cikin Hausa

Abin da ya kamata ya ƙarfafa wa ɗalibi Bahaushe gwiwa shi ne, aikin da ɗan rakiya ke yi a Turanci ba baƙo ba ne gare shi. Hausa ma tana yin sa, sai dai ita a ƙarshen fi'ili take yi. Cikin 1960 wani malamin Hausa a Jami'ar London, F. W. Parsons, ya kasa fi'ilan Hausa azuzuwa bakwai bisa ga yadda ƙarshensu da karin sautinsu ke sauyawa, kuma duk wanda ya ɗora wannan tsari kusa da na Turanci zai ga sun yi kama ƙwarai.

Bahaushe yana cewa "ci" da "cinye", Bature yana cewa "eat" da "eat up". Haka "sha" da "shanye" suke daidai da "drink" da "drink up", "saya" da "saye" kuma da "buy" da "buy up". Watau ma'anar ƙarewa da Hausa ke nunawa a ƙarshen kalma, ita ce Bature ke nunawa da "up". Sa'an nan a duba "fita" da "fito" da "fitar": na farko "go out", na biyu "come out", na uku "take out". A duba kuma "zuba" da "zubar", watau "pour in" da "pour away". Yaron da ya san bambancin "shiga" da "shigo" tun yana goye, ba shi da dalilin jin tsoron "go in" da "come in".

Da wannan mabuɗi ana iya gane cewa kowane ɗan rakiya yana da halinsa. "Up" yakan nuna ƙarewa ko ƙaruwa. "Out" yakan nuna fita ko ƙarewar abu, kamar "run out" ga man da ya ƙare da "sell out" ga hajar da aka saye. "Off" yakan nuna rabuwa ko yankewa, "on" kuma ci gaba, kamar "go on" da "carry on". Wannan ba doka ce mai zarcewa ko'ina ba, amma tana rage duhu.

Waɗanda mabuɗin bai buɗe ba kuwa, watau na gida na uku, su ma Hausa tana da takwarorinsu. A dubi kalmar "ci". Mutum yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin jarrabawa, yana cin sarauta, yana cin amana, yana cin mutuncin wani, kuma ba ɗaya daga ciki da ke shiga baki. Haka yana shan wahala, yana shan kashi, yana shan iska, yana shan alwashi, yana shan kunu idan ya ɓata fuska. Yana sa hannu, yana sa baki, yana sa ido, yana sa rai, yana sa rana. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya duba "ci" zai ga yadda ma'anoninta suka yi jerin gwano. Amma ga 'yan kasuwar Sabon Gari, Yarbawa da Ibo da aka haifa a can, da yawansu suna sarrafa waɗannan duka kamar 'yan gari, ba tare da sun taɓa haddace jeri ba. Sun ji kowace magana ne a muhallinta, sau da yawa, har ta zauna musu. Wannan ita ce hanyar da Samaru za ta ara daga Sabon Gari.

Tarkon Fassara Kalma Da Kalma

Ban da fi'ili mai ɗan rakiya akwai kuma salon magana, wanda Turawa ke kira "idiom", watau jimlar da ma'anarta ba ta fitowa daga kalmominta ɗaya-ɗaya. A nan babban tarko shi ne kamannin da ke tsakanin harsunan biyu. Wasu sun dace: "girman kai" da "big-headed" abu ɗaya ne, haka "zafin kai" da "hot-headed". Wasu kuwa kama ce kawai, kama da wane kuma ba ta wane. Bahaushe idan ya ce ana jan ƙafa, jinkiri yake nufi, amma "pull someone's leg" zolaya ce; wanda ya yi daidai da jan ƙafa shi ne "drag one's feet". "Baƙin jini" rashin karɓuwa ne ga jama'a, "bad blood" kuwa gaba ce tsakanin mutum biyu. "Ba ni hannu" gaisuwa ce, "give me a hand" neman taimako ne. Wanda ya lashe amansa, a Turanci kalmominsa ya ci, watau "eat one's words".

Sanin asalin magana yakan taimaka wajen riƙe ta. Mutumin Sabon Gari da ya san zamanin jirgin gawayi ba zai sha wahalar "let off steam" ba, watau huce haushi, ko "run out of steam", ƙarewar kuzari, ko "go off the rails", kauce wa hanya, don daga injin tururi da layin dogo aka samo su. Ma'aikaci kuma ya san "red tape", watau dogon Turancin ofis da ke jinkirta aiki, ya samo suna ne daga jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma da shi a Ingila.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɓata lokaci a kan salon maganar da ba a cika ji ba. Ɗalibi zai haddace "raining cats and dogs" da "kick the bucket" don ya burge malami, alhali Bature kansa yakan daɗe bai furta su ba, kuma na biyun ma wasa ne da bai dace da ta'aziyya ba. Amma "make up your mind" da "get on with it" da "it is up to you", waɗanda ake faɗa dare da rana, sai a bar su a baya.

Turancin Gida Da Na Tafiya

Turanci ya daɗe a ƙasar nan har ya yi 'ya'ya. Ana cewa "off the light", an jefar da fi'ilin an riƙe ɗan rakiyar, wanda ke nuna cewa jama'a sun gane inda ma'anar take. Ana cewa "cope up with" da "voice out", inda aka ƙara ɗan rakiyar da Turawa ba su sa ba. Ana cewa mace ta yi "take in" idan ta sami ciki. Shugaban taro yakan ce zai yi "round up", alhali "round off" shi ne kammalawa, "round up" kuwa tattara dabbobi ne ko kame masu laifi. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya tattara ire-iren waɗannan a littafinsa na 1991 kan yadda ake Turanci a Nijeriya.

Cikin watan Janairu 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "put to bed" da ma'anar haihuwa, da "rub minds" da ma'anar shawara, da "send-forth" da "flag-off" da "Kannywood". Wannan abin alfahari ne, amma ya kamata a fahimce shi daidai. Ƙamus ya shaida cewa ana faɗin su a Nijeriya ne, bai yi alkawarin cewa za a gane su a ko'ina ba. A London "put to bed" kwantar da yaro barci ne. Saboda haka mai hankali sai ya san wace magana ce ta gida, wace ce kuma ta tafiya, kamar yadda ya san rigar zaman gida da ta zuwa fada.

Hanyar Da Ta Fi Kusa

Abin farin ciki shi ne, aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Cikin 2007 Dee Gardner da Mark Davies suka ƙididdige wata taska ta Turancin Birtaniya mai kalma miliyan 100, suka gano cewa mai karatu yakan gamu da fi'ili mai ɗan rakiya kusan sau ɗaya cikin kowace kalma 150. Suka kuma gano cewa fi'ilai 20 kacal, irin su "go" da "come" da "take" da "get" da "set" da "put", idan suka haɗu da 'yan rakiya takwas, watau "out", "up", "on", "back", "down", "in", "off" da "over", su ne ke ɗauke da fiye da rabin dukkan waɗanda suka fito a taskar. Cikin 2015 kuma Garnier da Schmitt suka fitar da jerin guda 150 mafiya yawan fitowa, tare da ma'anoni 288 da aka fi amfani da su. Wanda ya ɗauki ma'ana ɗaya kowace rana, kafin shekara ta kewayo ya gama.

Ga mai son ya bi wannan hanya, abu na farko shi ne ya riƙa ɗaukar kowane haɗi tamkar kalma guda, ya rubuta shi cikin cikakkiyar jimlar da ya same shi, ba a jeri tsirara ba. Na biyu, ya nemi takwaransa a Hausa ya rubuta a gefe, ma'ana da ma'ana, kamar "put off" da "ɗaga rana". Na uku, ya lura da mazaunin kalmomi: ana cewa "turn off the light" ko "turn the light off", amma da wakilin suna sai "turn it off" kaɗai, "look after it" kuwa ba ya rabuwa ko kaɗan. Na huɗu, ya san muhalli, domin wasiƙar neman aiki da hirar ɗakin kwana ba su ɗaukar kaya iri ɗaya. Na biyar, ya yawaita karatu da sauraro, ya kuma yi ƙarfin halin furtawa ko da za a yi masa dariya, don matambayi ba ya ɓata.

Kayan aiki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ƙamusun nan na masu koyo da kowane ɗalibi ya sani, A. S. Hornby ne ya tsara shi sa'ad da yake koyarwa a Japan, aka fara buga shi a Tokyo cikin 1942, kana Oxford ta buga shi cikin 1948, kuma tun asali don irin wannan matsala aka yi shi. Cikin 1975 Cowie da Mackin suka fitar da ƙamus sukutum kan fi'ilai masu 'yan rakiya. Ta wajen Hausa akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990. Ɗalibin Samaru yana da Laburaren Kashim Ibrahim a gabansa, ma'aikaci kuma yana da waya a aljihunsa wadda ke buɗe ƙamus ta intanet.

Sauran aiki ya rage ga malamai da hukumomi. Ya kamata malamin Turanci a Arewa ya daina ɗaukar Hausa a kan abokiyar gaba a aji, ya mai da ita tsani, tun da tsarin fi'ilinta yana bayyana wa yaro cikin minti biyar abin da haddar mako guda ba za ta bayyana ba. Ya kamata kuma sassan horar da ma'aikata su ware lokaci don koya wa sababbin ɗauka kalmomin da fayil ke tafiya a kansu, kafin a damƙa musu takardun jama'a. Garin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, inda su Abubakar Imam suka nuna cewa ana iya ɗauko ma'ana daga wani harshe a tufatar da ita da Hausa tsantsa, shi ya fi cancanta ya ja gaba a wannan aiki.